Kwana Ɗari da Goma Ba a Ci Walƙiya Ba

Ni ce golar Walƙiya ta Arlit, kuma a kakar da zan ba ku labarinta sau talatin da takwas aka zura min ƙwallo, saboda haka idan na ce mutum maɓarnaci ne ku yarda, na san ɓarna ido da ido. Sunana Tani. Da safe ina suyar awara a bakin kasuwar Akokan, da la'asar in sa safar hannu in tsaya tsakanin ƙarafa biyu. Sauran ma haka suke: mai ɗinki, mai kitso, malamar lakwal, wato makarantar boko, guda ɗaya, sai kapiten ɗinmu Zinatu mai sayar da ƙanƙara. Ranar maci ana ba mu ɗan na sabulu, shi ke nan. Amma kowaccenmu tana da lisansi, katin shiga gasa mai hoto da hatimi, kuma muna ji da shi.

Ƙungiya shida ce a gasar mata ta jiharmu, mu ne na shida, mun daɗe a wurin har mun saba da shi. Wadda ta ƙare kaka a ƙasa sai ta fita daga gasar. Filin da muke wasa kuwa na Alhaji Bashar ne, mai kamiyoyin da ke kai kaya Cibarakaten wajen masu haƙar zinariya. Tun farko ya gaya wa shugabarmu Hajiya Ni'imatullahi ƙarara: muddin muna cikin gasa fili namu ne, ranar da muka fita motocinsa za su shiga. Bai ɓoye ba, bai kuma yi mana mugunta ba. Kullum muna atisaye muna hango motocin nan a jere a bakin gudro, wato kwalta.

A ƙofar filin akwai teburin shayi, a bayan teburin akwai Ɗalhatu. Shef Ɗalhatu yake kiran kansa. Mutumin Tawa ne, ya zo Arlit da ƙuruciya, kuma in ka zauna shan shayinsa kafin kofi ya huce sai ka ji cewa shekara ashirin da biyu ya yi yana shef na posti, wato shugaban rukunin ma'aikata masu karɓa-karɓa, a ramin haƙar iraniyom. Garin nan kaf kowa ya san aikinsa: tsayawa a ƙofar bas ɗin ma'aikata da takarda da usur, yana kiran suna. Da aka rufe ramin, aka sallami mutane, shi abin da ya dawo da shi gida usur ɗin ne da wani tsohon allo na ƙarfe da aka yar, irin wanda ake rubuta kwana nawa aka yi ba a samu haɗari ba. Ya kafa shi a gefen tebur, ya sa aka sake masa rubutu da fenti: KWANA … BA A CI WALƘIYA BA. Kullum da safe ya ƙara ɗaya da alli. Daga Lahadi zuwa Asabar lambar ta yi ta hawa har ta kai shida, ranar wasa in tsaya a raga ta koma sifili.

Sakamakon gasar kuwa a bakinsa gari ke ji. Yana da mai aiko masa da murya a waya daga Agadas, da Ingal, da Cirozerin, sai ya miƙe tsaye ya sanar kamar shi ya buga. Wadda ta ci, dama ya faɗa. Wadda aka ci, dama ya faɗa. Ƙafarsa ba ta taɓa taɓa ƙwallo ba sai in ya gangaro ƙarƙashin teburinsa, shi ma da tsintsiya yake turo shi.

Wasa uku suka rage mana, muna da maki biyu, Ingal da ke samanmu tana da biyar, sai mai horar da mu Muktar ya ji labarin wani abokinsa ya dace da zinariya. Ya ajiye mana jakar ƙwallaye ya hau bayan mota. Ban ga laifinsa ba. Mu ma da akwai inda za mu guje wa kanmu da mun tafi.

Hajiya ta tsaya a ƙofar fili tana ta kiran waya, kowa ya ji sunan Walƙiya sai ya tuna yana da uzuri. Dole kuma kafin Juma'a a aika sunan mai horarwa. Ɗalhatu ya goge hannu a riga ya fito.

"Hajiya, mi kike nema nesa? Ga ni zaune."

"Malam Ɗalhatu, ka taɓa buga balo?"

"Shekara ashirin da biyu ina tahiyad da maza ɗari ukku, ko ɗaya bai ɓace ba. Ɗiya mata goma sha ɗaya za su gagare ni bisa sarari?"

"Maza ɗari ukun ai bas kake sa su, Baba," in ji Zinatu.

"To ba su shiga ba?"

Hajiya ta dube mu, ta dubi wayarta, ta dubi kamiyoyin Alhaji Bashar. Ta ce ya kawo katinsa a rubuta.

Washegari ya zo atisaye da buhu biyu a kan kabu-kabu. Ya jera mu ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke tsaye a gaban hancinsa, sannan ya zazzage buhunan. Takalman aikin rami ne masu ƙarfe a baki, ya bi gidajen tsofaffin ma'aikata ya tattaro. Mafi ƙanƙanta lamba arba'in da huɗu.

"Kun san mi ka sa ana cin ku? Ba ku da sekirite, ba ku da kayan kariya. Wurin aiki ba a shiga da takalmin zuwa biki."

Muka cusa tsummoki muka ɗaure. Ni har da ƙarin hular kwano, wai gola ita ce ke ƙarƙashin abin da ke faɗowa. Zinatu ta ja da baya ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta buga. Ƙwallon ya yi wata ƙara ya fashe, ya kwanta a wurin, akuyoyin da ke bayan raga suka watse. Aka kawo na biyu, mai kitso ta gwada, shi ma ya tafi. Na ukun Hajiya ta rungume shi a ƙirji ta nufi gida ba sallama.

"Kun ji?" in ji Ɗalhatu. "Wannan shi ne ƙarhi. Da can shahwa kuke yi."

Masu shan shayi sun jeru a kan benci suna kallo. Wani tsoho ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an yi wa balo hukuncin kisa ba sai yau.

Muka yi shawara a tsakaninmu: ranar wasa a Agadas kowa ta sa takalminta na da, a bar shi da nasa. Muka tara su a jaka guda. Da za mu hau mota ya karɓi jakar da fara'a, ya ce shi zai ɗora a sama. Sai da muka sha wannan hanya ta Agadas, wadda ke raba mutum da haƙoransa, muka sauka muna neman jaka, ya ce ai tana ƙarƙashin teburinsa a Arlit.

"Ma'aikaci in ka bam mishi tsohon kaya, gare shi za shi koma. Na san halinku."

Arbit ɗin, wato alƙaliyar wasa, mace ce doguwa, ba ta da yawan magana. Ta jera mu ta ce kowa ta ɗaga ƙafa. Ta zo kan Zinatu ta ƙwanƙwasa bakin takalmin da usur, ya amsa mata. Ta ƙwanƙwasa na gaba, shi ma ya amsa.

"Wasa kuka zo ko fasa dutse?"

Ɗalhatu ya matso zai yi mata bayanin dokar sekirite. Ta tambaye shi ko shi wane ne. Ya ce shef na posti. Ta ce to shef ya koma benci. 'Yan Agadas, Allah ya saka musu, suka tattaro mana abin da ya rage a jakunkunansu, wata ƙafar dama ja ta hagu fari. Suka ara mana takalmi, suka kuma ci mu huɗu, ban san wanne ya fi ba ni kunya ba. A mota muna dawowa shi kaɗai ke magana.

"Zuwan hwarko shida sunka ci ku. Yau huɗu. Haɗari ya ragu, kuma Ingal ma ta sha kashi, yanzu anka aiko min. Ku gode Allah, ku gode mini."

Wasa na biyu a gida ne da 'yan Cirozerin. A wannan mako ya gano wata sabuwar cuta. Wai ƙura ce ke hana mu ganin raga. A wurin aiki, in ji shi, kafin manyan motoci su bi hanya sai an sa sitarni, tankar ruwa, ta jiƙa ta. Ya je ya samo Alkassoum, wani Buzu mai motar ruwa, ya ce masa Hajiya ce ta aiko.

Ranar wasa da azahar sitarni ta shigo fili tana fesa ruwa ta baya. A unguwar nan kuwa mata tun asuba suke layi da bido, wato jarkoki, a bakin famfo, ruwan ya zo ko kada ya zo. Suka ɗaga kai suka ga ana shayar da rairayi. Kafin motar ta kai tsakiya mata sun fi talatin a bayanta da robobi da tukwane suna tara, Ɗalhatu yana busa usur yana korarsu, suna ce masa Allah ya isa. Matarsa A'isha ma tana ciki da bokiti biyu.

"Malam, randar gidanka tun jiya a bushe, ka zo kana wa ƙasa wanka?"

"Ke, wannan aikin hukuma ne."

"To hukumar ta dafa maka tuwo yau."

Alkassoum ya zagaya sau ɗaya ya leƙo ta taga. "Shef, ya isa. Ƙasa nan ba shi da ƙarfi, mota zai zauna."

"Wurin aiki sau ukku aka bi."

"Can hanya an daka shi da dutsi. Nan rairai ne."

"Kai direba kake ko injiniya? Bi."

A zagaye na uku mota ta zauna, daidai tsakiyar fili, har gindinta ya taɓa ƙasa. 'Yan Cirozerin suka iso suka tarar da 'yan kallo, da 'yan kabu-kabu, da mu 'yan wasa cikin rigunan maci, duk mun kafa kafaɗa muna tura sitarni, Ɗalhatu yana gefe a busasshen wuri yana ba da umarni. Da ta fita ta bar mana kwari biyu daga tsakiya har bakin ragata. Aka yi wasa a cikin taɓo. Ƙwallo in an buga sai ya yi taku uku ya tsaya ya jira. Sau ɗaya wata 'yar Cirozerin ta wuce kowa ta nufo ni, na riga na fara salati, sai ƙwallon ya faɗa sawun taya ya maƙale, ita kuma ta wuce shi da ciki har ƙafafuna. Aka tashi babu ci.

Wannan maki ɗaya shi ya kashe mu. Da an ci mu goma a ranar, da Hajiya ta kore shi mun huta. To ga shi a karon farko allon ya tsallake ranar wasa bai koma sifili ba. Ɗalhatu ya sa aka yi masa aski. Ya daina zuba wa mutane shayi da kansa, sai ya nuna buta da leɓe. Ga kuma labari daga waya: an sake cin Ingal. Muna da uku, suna da biyar, wasan ƙarshe kuma da su ne, a filinmu. In mun ci mun tsira, in ba mu ci ba kamiyoyi su shiga.

Ranar Talata ya tara mu a gindin allo ya ce yanzu zai fito da babban sirrin.

"Wa ya taɓa ganin aiki ya tahi da posti ɗaya? Rami da kansa posti ukku aka yi mishi: na sahe, na marece, na dare. Wani shi gaji, wani shi karɓe shi. Ku kuwa minti casa'in kuna gudu ba canji, ƙaƙa ba za a ci ku ba? Ran Lahadi posti za mu yi. In awa ta cika, sabbin jini goma sha ɗaya su shiga."

"Baba, mutum biyar kawai doka ta yarda a canja," in ji Zinatu. "Su ma sai masu lisansi, sai kuma arbit ta ba da izini. Mu goma sha huɗu ne duka-duka."

"Dokar nan wa ya rubuta ta? Ya taɓa shiga rami?"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. "Malam Ɗalhatu, na yi haƙuri da takalmi, na yi haƙuri da ruwa. Ran Lahadi ka zauna a benci ka riƙe bakinka. In ka ga dama ka riƙe mana butar ruwa."

Ya ce to. Ya faɗe ta da sauƙi har na zargi akwai wani abu a ƙasa. Abin da ba mu sani ba, daga nan gida-gida ya bi a unguwarsu, ya tara mata goma sha ɗaya, ya ce musu Hajiya ce ta ce a taimaka, an yi sabuwar doka, kuma za a faɗi sunayensu a rediyo. Har A'isha ya shawo kanta, da sunan Hajiya, don da sunansa ko ƙofa ba za ta buɗe ba. Kwana huɗu yana koya musu aiki a bayan gidansa ba tare da ƙwallo ba. Abu ɗaya ya dasa musu a kai, dokar wurin aiki: in an busa usur kowa ta nufi wadda za ta karɓa, kuma mai sauka ba ta barin wurinta sai mai hawa ta zo sun yi hannu.

Lahadi bayan la'asar fili ya cika. Ban taɓa ganin mutane haka a wasanmu ba. Wasu sun zo don mu, da yawa sun zo ganin abin da Shef zai ƙirƙiro. Alhaji Bashar da kansa ya sa aka kawo masa kujera. A bayan bencinmu na ga mata a jere sanye da riguna masu ruwan lemo irin na ma'aikata a kan zannuwansu, na tambayi Ɗalhatu, ya ce 'yan tafi ne. Ban duba ƙafafunsu ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Arbit ɗin ita ce dai doguwar nan ta Agadas. Ta duba takalmanmu sau biyu, ta dubi Ɗalhatu sau uku.

Muka yi wasa. Wallahi muka yi wasa irin wanda ba mu taɓa yi ba. Malamar lakwal ta tsare 'yar gaban Ingal kamar ta kama ta da satar amsa. Ni na kaɗe ɗaya da hannu, na kaɗe ɗaya da fuska, ban ma ji zafi ba. Ana dab da hutu mai ɗinki ta ɗago ƙwallo daga gefe, Zinatu ta tashi ta sa masa kai, ya shige. Filin ya ɗauka. Na tsaya ni kaɗai a ragata ina kuka, don tun farkon kaka ba mu taɓa kasancewa a gaba ba, ban san yadda ake yi ba.

Aka dawo daga hutu muna riƙe da ɗayanmu. 'Yan Ingal sun fara faɗa da juna. Na hango Hajiya ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu. Na hango Ɗalhatu kuma yana duba agogo.

Minti sittin cif ya miƙe, ya sa tsohon usur ɗinsa na bas a baki, ya busa dogo sau uku.

Kowa a fili ya tsaya, an zaci arbit ce. Arbit ta dubi usur ɗin da ke hannunta. Sai ga mata goma sha ɗaya sun keto layi a guje, zannuwa a tattare, takalman ƙarfe suna tashin ƙasa, kowace ta nufi mutuniyarta. Gambo mai fura, wadda ta yi jika biyu, ta iso ragata tana haki ta miƙo min hannu.

"Tani, sannu da aiki. Na karɓe ki."

"Inna Gambo, me kike yi a nan?"

"Posti na biyu. Ba ni safar."

"Ki fita, don girman Allah ki fita."

"Shef ya ce ba ki tafiya sai mun yi hannu. Kawo hannun mana, ƙafata na ciwo."

Ko'ina haka ake. Masu sauka sun ƙi ba da hannu, masu hawa sun ƙi komawa ba a karɓe su ba. Mai kitso tana gudu, wadda za ta karɓe ta tana bin ta da hannu a miƙe. 'Yan Ingal suka ja gefe suka rungume hannu, kapiten ɗinsu tana ƙirga mu da yatsa a bayyane. A cikin wannan hargitsi A'isha ta isa wajen Zinatu, Zinatu ta juya mata baya, sai A'isha ta ga ƙwallo a ajiye ba mai shi. Ta ɗaga zane ta narka masa takalmin rami. Daga kusan tsakiyar fili ya tashi, golar Ingal tana tsaye tana kallon ikon Allah, ya wuce ta saman kanta ya faɗa raga.

Ɗalhatu ya shigo fili hannu a sama. "Biyu da babu. Minti ɗaya da hawan posti, biyu da babu. Hajiya, kin gani?"

Arbit ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ƙirga mu, ashirin da biyu. Ta ce masu rigar lemo su kawo lisansi. Gambo ta ce ita katin zaɓe gare ta, yana gida. Arbit ta je wajen wakilin gasa da ke zaune da takarda, suka yi magana kaɗan, ta ce a fitar da baƙin cikin minti biyar a ci gaba. Nan ne Ɗalhatu ya gama da mu. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ce posti in ya hau ba ya sauka sai lokacinsa ya cika, shi ne mai horarwa a takarda, kuma shi ya sa su. Hajiya ta ja shi ta riga, rigar ta yage, bai motsa ba. Zinatu ta durƙusa a gabansa tana roƙo, yana ce mata ta je ta huta, ta sauka daga aiki. Minti biyar suka wuce, aka ƙara biyar. Arbit ta ɗauki ƙwallo ta sa a hammata, ta busa na gaskiya.

Forfe, wato an yanke mun faɗi ba a ƙarasa wasa ba. Uku da babu, an ba Ingal.

Mutane ba su ma yi masa ihu ba da farko, dariya suka yi ta yi har wasu na zama a ƙasa. Sai da A'isha ta fahimci Hajiya ba ta aiko kowa ba. Ta zauna a tsakiyar fili ta kwance takalman nan a natse, ta ɗaure igiyoyinsu wuri guda, ta je ta rataya masa a wuya.

"Ga kayan aikinka, Malam. Ka ce an yi sabuwar doka."

"Za a yi ta. Gaba gare su nike."

Sauran goma suka bi layi, kowace ta rataya masa nata. Haka ya fita daga fili da takalma ashirin da biyu a wuya, kansa a duƙe don nauyi, 'yan kabu-kabu suna binsa suna busa oda sau uku-uku. Alhaji Bashar ya naɗe carbinsa ya zo ya yi wa Hajiya jaje. Ranar Laraba aka tuge ƙarafan raga, ranar Alhamis kamiyoyi suka shiga. Inda na yi shekara huɗu ina faɗuwa yanzu bakin mai ne ke ɗiga a wurin.

Kuna zaton ya ji kunya? Kwana biyu ya yi a ɗaka, na uku ya buɗe tebur, kasuwarsa ma ta ƙaru don direbobi sun fi mu shan shayi. Allon kuma bai goge ba. Ya ce ukun nan alƙalami ne ya ci, ƙwallo bai taɓa ragar Walƙiya ba. Kullum da safe ya ƙara ɗaya. Hamsin, saba'in, casa'in. Duk baƙon direban da ya zauna sai ya nuna masa.

"Ka ga wannan? Tun da na kama ƙungiyag ga. Kahin ni ko bakwai ba su taɓa kaiwa ba. Tambayi kowa."

Ni kuwa dole ta nan nake wucewa da tiren awara. Kowace lamba da ya ƙara kwana ɗaya ne da ban sa safar hannu ba, kuma na tsani allon nan fiye da duk ƙwallayen da aka taɓa zura min.

Matan posti na biyu su suka fara zuwa gidan Hajiya ba da haƙuri, A'isha a gaba. Suna cikin ba da haƙurin A'isha ta ce, ita fa tun ranar nan ƙafarta ke mata ƙaiƙayi. Zinatu ta dube ta ta tuna daga inda ƙwallon nan ya taso. Aka yi wata uku ana neman wuri, daga ƙarshe muka samu wani sarari a bayan gari inda ake zubar da tsofaffin tayoyi. Muka share ƙaya da kwalabe, muka kafa taya biyu nan, biyu can. Babu gasa, babu arbit, babu na sabulu. Tsofaffin Walƙiya a gefe ɗaya, posti na biyu a ɗaya gefen da takalman roba, muka ara musu Zinatu don kada abin ya yi muni.

Da muka tashi ban ko cire safar hannu ba na nufi teburin shayi. Direbobi sun cika benci, Ɗalhatu yana tsakiyar labarin biyu da babu. A allo an rubuta ɗari da goma. Na tofa yawu a safa na goge shi tas, na ɗauki allinsa na zana sifili ƙato.

"Tani, mi kinka yi? Tarihi ne kinka shahe."

"An ci ni yau, Shef. Sau biyu."

"Ƙarya ne. Wane maci? Ba a aiko min a waya ba. Wa ya ci ki?"

"Inna A'isha. Ta ce in gaya maka ta sauka daga aiki a gajiye, tuwon yau posti naka ne."

Direbobin suka kwashe da dariya, ɗaya har shayi ya sarƙe shi. Ɗalhatu ya miƙo hannu in ba shi allinsa. Na jefa shi a aljihuna.

"Bar shi a wurina, Baba. Gobe ma muna da wasa."